Kai baƙi zagayen marina, majema da maƙera a birnin Kano: yaya ya kamata a tsara shi?

Jagoran Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata magana da nake so masu sana'a su sa baki a ciki. Yawancin baƙin da ake zagayawa da su a Kano hanya ɗaya ake bi da su: Gidan Makama, ƙofar gidan Sarki, dutsen Dala, a leƙa marinar Ƙofar Mata na minti goma, a ƙare a kasuwar Kurmi. Baƙo ya koma da hotuna cike da waya, amma bai san yadda farin ƙyalle ya zama baƙi ba, bai kuma ga fata tun tana da gashinta ba. Abin da ake son tsarawa shi ne zagayen rabin yini na wuraren aiki zalla: marina da 'yan bugu (masu buga rinannen yadi ya yi ƙyalli), majema ta wajen Ƙofar Wambai, dukawa, maƙera, da masu narka gwangwani suna zuba tukwane. Da ina za a fara? Mutum nawa za a ɗauka a tafiya ɗaya? Mene ne haƙƙin masu aikin da za a tsaya a kansu?

Ɗan Karofi:
Wa alaikumus salam, Malam Jagora. Ka fara da marina, tsakanin bakwai da rabi zuwa tara na safe. Lokacin ne ake aikin gaske, kafin rana ta take. Wanda ya zo da azahar zai tarar an rufe bakin rijiyoyi, sai wani ya tsoma masa ƙyalle sau ɗaya don hoto.

Kada ku wuce mutum shida. Bakin rijiyar rini daidai yake da ƙasa, ba shi da katanga, tsakanin wannan da waccan kuma ɗan taki ne. Zurfinsu ya ninka tsayin mutum, wasu kuma an daina aiki da su, shara ta rufe bakinsu. Mai ja da baya yana neman hoto shi ne abin tsoro.

Abin da jagora zai iya bayani shi ne haɗin. Ana zuba ruwa a rijiyar da aka shafe cikinta da laso, wato simintin gargajiya, a sa toka, a sa baba, ganyen da ke ba da shuni, a ƙara kanwa da katsi, wato laƙar tsohuwar rijiya da aka kwashe aka busar aka ƙone. Sai a bar shi ya ruɓa, ana motsawa da muciya. Da zafi yakan nuna da wuri, da hunturu yakan ja lokaci, har ya kai makonni. Alamar ya nuna ita ce kumfa mai ƙyalli a sama da warin da marini ya sani. Ƙyalle kuwa sai an jiƙa shi tukuna, a tsoma ƙasa da minti ɗaya, a matse, a buɗe shi ya sha iska. Kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Haka za a yi ta maimaitawa: shuɗi mai haske ya ɗauki awa ɗaya da wani abu, baƙi ƙirin kuwa ya cinye yini.

Abin da ke kashe rijiya shi ne sabulu, da maiƙo, da yawan kaɗa iska a ciki. Don haka baƙuwar da ta shafa mai a hannu kada ta tsoma hannunta. Rijiya ɗaya idan ta mutu, wahalar makonni da kuɗin baba sun tafi.

Ɗan Fagge:
Ku yi haƙuri, ni fa ban gamsu da abin ba tun daga tushe. Marina na ji, tarihi ce, a ƙofarta ma an rubuta 1498. Amma majema? Masu narka gwangwani? Me za ka nuna wa baƙo a can in ban da kwata da hayaƙi da yara marasa takalmi? Mutum zai biya kuɗi ya zo ya kalli talaucin mutane, ya ɗauki hoton magudanar Jakara ya watsa a intanet ya ce ga Kano. Wanda aka ɗauka ko sisi bai gani ba.

Malamar Tarihi:
Malam Ɗan Fagge, tsoronka yana kan hanya, kuma ba a kanmu aka fara wannan gardama ba. A Mumbai ta Indiya akwai unguwar Darabi, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita biyu da ɗan ɗoriya ba, amma cike take da masu aikin fata, da masu ginin tukwane, da masu ɗinki, da masu niƙa roba. Ana kai baƙi zagaye a can shekara da shekaru, kuma suka iri ɗaya da taka ake yi musu. Kamfanin da ya fi suna a harkar, Reality Tours and Travel, ya hana ɗaukar hoto a zagayen gaba ɗaya, yana tafiya da mutane kaɗan-kaɗan, ya kuma ce kashi 80 cikin 100 na ribarsa yana komawa ayyukan unguwar. Wannan bai rufe bakin masu suka ba, amma ya rage ɓarnar.

A Fas ta Maroko kuwa wata hanyar suka bi. Yawanci baƙo ba ya sauka cikin majemar Shuwara, daga saman shagunan fata yake leƙe, an ba shi ganyen na'a-na'a ya toshe hanci. Ya gama kallo ya sayi jaka a shagon. Mai shago ya samu, wanda ke tsaye cikin ruwan jima har gwiwa an yi kallonsa ne kawai. Wannan ce hanyar da nake ganin bai kamata Kano ta bi ba.

Abin da ya raba kallon talauci da kallon sana'a shi ne wa ke magana. Idan majemi ne da kansa yake bayani, jagora yana fassara, baƙo ɗalibi ne a wurin. Lokacin da Barth, Bajamushen matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya yi dogon bayani a littafinsa kan saƙa da rini da fata da takalman da ake kaiwa ƙasashe masu nisa. Garin ma'aikata ya gani, kuma har yau haka yake.

Baba Majemi:
Malama, Allah ya ƙara sani. Ɗan Fagge, yaro na, wari dai akwai shi, ba mai musu. Amma wanda ya tsaya ya ga matakan ba zai tafi da labarin wari kaɗai ba.

Fata takan zo ɗanya, ko busasshiya, ko an barbaɗe ta da gishiri. A jiƙa ta ta yi laushi. A sa ta cikin ruwan toka ko na farar ƙasa kwana biyu zuwa uku har gashi ya saki. A shimfiɗa a kan itace a kankare gashin da sauran naman da ya maƙale. Daga nan ta shiga ruwan kashin tattabara ko na kaji, wasu kuma tsiron fataka suke sawa, don ya cire ƙarfin tokar, fatar ta saki jiki. Sannan bagaruwa: a daka 'ya'yanta, a jiƙa, a sa fata ana murzawa ana juyawa har ruwan ya ratsa ta. Yadda ake ganewa shi ne a ɗan yanki gefenta: in tsakiya ta rage fari, ba ta jimu ba, kuma irin wannan ce takan yi tauri ta karye bayan an ɗinka. A wanke, a shafa man gyaɗa, a shanya a inuwa. Rana mai zafi tana ƙona fuskar fata.

Launi shi ne wurin da baƙi suka fi tsayawa. Ja daga karan dafi da kanwa, baƙi daga kuloko, wato rinin da ake haɗawa da ƙarfe, rawaya daga gangamau. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetara sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun Marokawa suka sa mata sunan Maroko.

Ga sharuɗɗa na. Takalmi rufaffe, ban da silifa, domin ƙasan wurin santsi gare shi kuma ruwan toka yana cin fatar ƙafa. Baƙo kada ya taɓa ɗanyar fata, musamman mai rauni a hannu, saboda akwai cututtukan dabbobi da ke bin fata. Minti ashirin ya isa. Kuma a zo kafin goma, domin da rana ta ɗaga warin yakan ninka. A jera fata biyar a gefe, kowace daga mataki ɗaya, tun daga mai gashi har zuwa rinanniya, a yi bayanin a kansu a inuwa. Ta haka ba sai an tsayar da masu aiki ba.

Jagoran Birni:
Baba, ranka ya daɗe, wannan na jera fata biyar ya warware mini matsala babba. Amma ga cikas: marina tana son safiya, majema ma tana son safiya.

Ɗan Karofi:
Ba cikas ba ne. Bakwai da rabi kuna marina. Ka ba kowane baƙo farin ƙyalle kamar girman hankici, a ɗaure masa, ya ga tsomawar farko da ta biyu, ku bar shi a hannun marini ku wuce majema kafin tara. In kun gama zagaye ku dawo ku karɓa, ya sha tsomi da yawa ya bushe, sai a kai shi rumfar 'yan bugu a buge a gabansu a kan gungume. Amma ƙyallen ya zama auduga zalla. Yadin roba ba ya kama baba, zai fito fari-fari, baƙo ya ɗauka rinin ne ba shi da kyau.

Hajiya Mai Ɗauri:
Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi magana, ba wanda ya ambaci wadda ta yi zanen da ke jikin ƙyallen. Taurarin nan da da'irorin da baƙo ke yabawa ba a bakin rijiya aka yi su ba. Mata ne a cikin gida suke ɗaurewa da zare ko su ɗinke da allura, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, zane babba ya ɗauki kwanaki. In ƙullin bai yi tsauri ba rini ya shige, zanen ya dagule. Bayan an rina kuma su ne ke kwancewa da reza a hankali, kuskure kaɗan yadi ya huje. Haka ɗinkin hula, haka ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, haka taliyar murji. Rabin masana'antar birni tana bayan zaure.

To amma gidajen ba shiga ne, Malam Jagora, kada ka yi tunanin kutsa maza ciki. Hanya biyu ce. Ko dai a samu jagora mace ta shiga da baƙi mata kaɗai, uku ko huɗu, bayan mai gida da matan sun yarda, da hantsi bayan an gama aikin safe. Ko kuma a fito da aikin zaure: ɗaya da aka fara ɗaurewa, ɗaya da aka gama, ɗaya da aka rina ba a kwance ba. Hoto a cikin gida babu shi sam. Kuɗinsu kuma a damƙa wa matar a hannunta, kada a ba wani ya kai mata.

Ɗan Fagge:
Hajiya ta taɓo inda nake nufi. Kuɗin. A ce baƙo ya biya, wa zai raba? An saba jagora ya ce "ku ɗan ba su na goro", baƙo ya zaro abin da ya ga dama, wanda ya fi kusa da shi ya karɓe.

Baduku:
Na goro ba tsari ba ne, kuma shi ke jawo yara su yi ta bin baƙi. Abin da nake gani: a yanke kuɗin tsayawa na kowane wuri tun kafin a fara, a kan kowane baƙo, a sa shi cikin kuɗin zagayen. Jagora ya biya shugaban wurin a gaban mutum biyu, a rubuta a littafi. Wanda ya ajiye aikinsa ya yi bayani kuma a ba shi nasa daban, domin minti ashirin ɗin nan da ya yi yana magana takalmi ne bai ɗinka ba. A ganina in abin da ke isa hannun masu sana'a bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin zagayen ba, Ɗan Fagge ya yi gaskiya.

Sai maganar la'ada, wadda ita ce ta fi ɓata harkar a Kurmi. Jagora ya kai baƙo shagon da zai samu kasonsa, mai shago ya ɗora kason a kan farashi, baƙo ya gane daga baya ya daina yarda da kowa. Wanda ya ɗinka jakar yana can lungu bai san an yi ba. Jagoran da ya karɓi kuɗin zagaye kada ya karɓi la'ada, ya faɗa wa baƙi haka tun da farko.

Abu na ƙarshe, a gargaɗi baƙin waje kan fatar mesa, da kada, da guza. Akwai yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin namun daji, Nijeriya tana ciki, kuma wanda ya shiga filin jirgin Turai da jakar fatar mesa ba takarda ana iya ƙwace ta. Tsofaffin kayan tarihi ma ba a fita da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nuna musu fatar akuya da ta tunkiya, ba abin da zai same su.

Injiniya:
Bari in shigo kan wuta, don nan ne haɗarin ya fi yawa. Maƙera da sauƙi: baƙi su tsaya gefe da uwar maƙera, taki uku baya, kada su tsaya ta inda tartsatsi ke tashi. Ƙarfen da ya daina ja bai huce ba, don haka ba a ɗaukar komai daga ƙasa. A roƙi maƙeri ya ƙera abu ƙarami daga farko zuwa ƙarshe, kamar ruwan lauje ko 'yar wuƙa, yaro yana zuga, su ga yadda ake kama shi da awartaki, a buga da masaba, a tsoma a ruwa. Kwata ɗaya na awa ya isa.

Masu zuba tukwane kuwa sai an kula sosai. Gwangwanin lemo da tsofaffin kayan mota na alminiyam ake narkawa, shi kuma sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Ana danna ƙasa mai ɗan danshi a cikin akwati a jikin tsohuwar tukunya, a zare tukunyar, gurbinta ya rage, a haɗa akwatin, a zuba narkakken ta ƙofar da aka bari. In ƙasar ta cika ruwa, tururi yana huda tukunyar ta fito da ƙananan ramuka, ta riƙa yoyo. In ta bushe da yawa, gurbin ya rushe. Babban haɗarin shi ne jiƙaƙƙen gwangwani ya faɗa cikin narkakke: nan take yake fashewa ya watsu. Saboda haka da damina ni ba zan kai kowa wurin ba. Ko da rani, baƙi su tsaya nesa lokacin zubi, ta inda iska ke fitowa, ba mai riƙe da gorar ruwa a kusa. Mai asma ya jira a waje, hayaƙin fentin gwangwani ba ya yi masa kyau.

Ɗan Fagge:
To yaran da ke kawo gwangwanin fa? 'Yan jari-bola. Za a ɓoye su ne?

Malamar Tarihi:
Ba za a ɓoye ba, kuma ba za a mayar da su abin kallo ba. In baƙo ya tambaya, a faɗa masa gaskiya: a kan kilo ake sayen kayan, akwai mai tsinta, akwai mai awo, akwai dila, kuma a cikin masu tsintar akwai yaran da ya kamata a ce suna makaranta. Amma ba a tsayar da yaro a yi masa tambayoyi, ba a ɗaukar hotonsa, ba a ba shi kuɗi. Yaro ba shi da ikon ba da izini.

Injiniya:
Malama, a nan na ɗan saɓa miki. Hana hoto gaba ɗaya irin na Darabi ba zai yi wa masu sana'a daɗi ba. Marini da baduku suna son a ga kayansu, ta hoton nan ne wasu ke samun masu oda daga Legas da Abuja. A raba kawai: hannu da kayan aiki da abin da aka gama, a ɗauka. Fuska, sai an tambayi mai ita da bakinsa. Yara, mata, cikin gida, da masu salla, a'a.

Malamar Tarihi:
Na yarda da rabon, Injiniya, da sharaɗi ɗaya: a faɗe shi kafin a tashi, kuma a kan hanya tsakanin wuri da wuri waya ta zauna a aljihu. Ɓarnar ba a wurin aiki ake yinta ba, a lungu ake yi, inda mutum ke zaune ƙofar gidansa bai san da zuwan kowa ba.

Ɗan Karofi:
Akwai wata gaskiyar da jagora zai riƙe. Ba duk shuɗi ne baba ba. Masu rinin shadda a tukunya da ruwan zafi, hodar kanti suke sawa da soda da sinadarin haidiro, wannan sana'a ce daban, kuma ruwanta yana ƙona hannu, shi ya sa suke sa safar roba. Har a rinin rijiya akwai masu ƙara shunin kanti don ya yi saurin kamawa. Juyawar kore zuwa shuɗi ba shaida ba ce, domin na kantin ma haka yake yi. Jagora ya tambayi marini me ya zuba, ya faɗa wa baƙo yadda aka faɗa masa. In ya ce komai na gargajiya ne tun 1498, ranar da masani ya zo cikin baƙi za a ji kunya.

A kuma gaya wa mai saye: wanki uku na farko zai zuba, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ƙyallin bugu kuwa wanki ɗaya ke tafiya da shi. Rawani ɗan Kura da Buzaye ke saye, wanda ake buga masa garin shuni har ya riƙa walƙiya, shi ya sa ba a wanke shi, kuma yana bari a fatar mai ɗaura shi.

Jagoran Birni:
Allah ya saka da alheri. Ga yadda ya tsaya yanzu: marina bakwai da rabi, majema kafin tara, dukawa, maƙera, zauren masu ɗauri da hantsi, a dawo marina a karɓi ƙyalle a buge, a tashi kafin azahar. Masu zuba tukwane na cire su zuwa wani zagayen daban na rani. Saura izini da sufuri.

Baba Majemi:
Izini ta wurin mai unguwa za ka fara, shi zai haɗa ka da shugaban kowace sana'a. Kada ka shirya da mutum ɗaya a ɓoye, ranar da ka zo da baƙi sauran za su juya maka baya, kuma suna da hujja. Juma'a ka cire ta. Da azumi aiki yana raguwa, ga shi ba daɗi baƙo ya riƙa shan ruwa a gaban mai aikin wuta. Makon babbar salla da na bayansa majema cike take da ɗanyar fatar layya, ba wurin taka ƙafa, kuma ba mai lokacin yi wa kowa bayani.

Hajiya Mai Ɗauri:
Watanni kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, baƙon da bai saba ba zai iya faɗuwa a lungu. Yuli da Agusta ruwa na cika hanyoyin wajen Jakara. A gaya wa baƙi mata su sa sutura mai rufe hannu da ƙafa su riƙo mayafi, kuma kowa ya sa tufafi masu duhu, don shuni in ya ɗiga a farar riga ba ya fita.

Baduku:
Sufuri: mota ba ta shiga yawancin lungunan, acaɓa kuma an hana shi a cikin birni tun 2013. Ka yi shatar adaidaita sahu biyu na safiyar gaba ɗaya, mutum uku-uku, su ajiye ku a bakin titi su jira a inda za ku ɓullo. Ka samu mataimaki ɗan unguwar ya riƙa tafiya a bayan layi, kai kana gaba, domin a mararrabar lungu ne ake ɓatar da baƙon da ya tsaya kallon wani abu. Kuma ka bi hanyar da ƙafarka kwana ɗaya kafin zuwansu, saboda biki ko zaman makoki yana iya rufe lungu da rumfa ba tare da ka sani ba.